Shekarar da Na Shiga Gaban Surukina

Makon da ya wuce, a wajen sunan ɗiyar ƴar'uwarku Hadiza, na sake jin maganar nan da kunnena. Ina kishingiɗe a zaure, kuna tsammanin barci nake. Ɗana Sani ya yi garaje ya riga surukinsa shiga ƙofa, sai wata daga cikin matan gidan nan ta ce, "Ku ƙyale shi, gado ne, ɗan Mai Gaban Suruki ne." Aka kwashe da dariya, har da ku da na haifa. Na rufe ido na yi kamar ban ji ba, yadda na saba yi fiye da shekara arba'in. To, na gaji. Duk waɗanda na yi wa alkawarin shiru sun riga mu gidan gaskiya, ni ma ƙafata ɗaya tana can, saboda haka ku zauna ku karanta yadda abin ya faru, ba yadda matan unguwa suka dafa muku shi ba.

Kakanku na wajen uwa sunansa Kiyari, kuma yau ce rana ta farko da na taɓa rubuta sunan nan ko na faɗe shi. Ni Baba nake ce masa. Gajeren mutum ne mai ƙaton rawani, ya yi shekaru yana ɗan aiken biro, wato ofishin gwamnati, a nan Gure, yana kai takardu ƙauyuka a kan wani baƙin keke mai nauyin tsiya. Da ya bar aiki aka bar masa keken. Yakan goge shi da safe kafin ya wanke fuskarsa. Mutumin kirki ne, wannan ban taɓa musu ba, hannunsa a sake, ba ya iya ganin mai yunwa ya wuce. Amma taurin kansa, Allah ya jiƙansa, ko jakin da ya ga rijiya bai kai shi ba. Tun da na san shi ban taɓa jin ya ce ya gaji ba. Ni kuwa lokacin ina tela a bakin kasuwa, shekarata biyu da auren uwarku Falmata, ina da wani keken hawa na hannu da nake kai ɗinki kasuwannin ƙauye da shi. A duk unguwarmu kekuna biyu ke nan, nasa da nawa, kuma wannan ne ya ja mini.

A shekarar ruwa ya sauka da wuri, kowa ya fita ya yi shuka. Gero ya fito ya kai tsawon yatsa, sai iska ta taso ta kwana uku tana kwasar rairayi, ta yanke shukar ta binne. Aka sake samun ruwa, aka sake shuka, iska ta sake yin abin da ta yi. Masu rumbu sun ɗan rage iri, amma gidajen ƙarshen unguwa, matan da mazansu suka rasu da tsofaffin da ba su da mai yi musu, ba su da ko ƙwaya. Ga shi damina ta fara nisa. Geronmu na nan yana son kwanaki da yawa kafin ya nuna, ko an samu an shuka ba zai kai ba. Abin da zai kai shi ne ɗan gajeren geron mutanen arewa, na wajen Kelle da Gamu, wanda ya saba da ƙaramar damina. Kowa ya san haka, kowa kuma ya san in ruwa na gaba ya sauka ba iri a hannu, gidajen nan sun shiga shekarar yunwa ke nan.

Ranar Juma'a bayan la'asar Baba ya miƙe a ƙofar masallaci ya gyara murya. Ya ce mahaifinsa, tun kafin Nasara su shigo ƙasar nan, ya taɓa ganin irin wannan shekara, ya kama takarkarinsa, san da yake ɗora wa kaya, ya bi Kelle ya zaga Gamu, gida gida, yana roƙon iri don mutane, bai ɗauki ko tiya ɗaya don kansa ba.

"Abin da ubana ya yi a kan sa," in ji shi, "ni zan yi shi a kan keke, fisabilillahi. Jibi da asuba za mu tashi, ni da yaron nan na gidan Falmata."

Yaron nan na gidan Falmata ni ne. Ba wanda ya tambaye ni. Jama'a suka juyo suna sa mini albarka, ni kuwa ina kallon yatsun ƙafata, don suruki yana magana ba ka ɗaga kai, balle ka ce kana da ɗinkin mutane a hannu.

Da na koma gida na sauke wa uwarku abin da na kasa sauke wa ubanta.

"Yanzu mutumin da ya haura sittin ne zai hau keke zuwa Gamu? Babu jakuna a garin nan? Babu raƙumi?"

"Malam, jakunan da ka gani ƙashi da fata? Raƙumi kuwa an yi masa tayi, ya ce sadakar da ba guminsa a ciki ba tasa ba ce."

"To gumina fa, na wane ne?"

"Ai ka san Baba," in ji ta, ta ci gaba da daka mini dakuwar guzuri.

Ranar tafiya kakarku Iya Zara ta rako mu har bakin hanya. Ba ta dubi fuskata ba, kamar yadda aka saba, ta yi magana da ƙafar kekena.

"Ga amanar tsoho nan. Yadda ka fita da shi, haka za ka dawo mini da shi."

Ku ƴan yanzu da kuke sa hannu a kwano ɗaya da surukanku kuna hirar ƙwallo, sai na yi muku bayani. A lokacinmu ba ka ci a gaban suruki, ba ka sha, ba ka kiran sunansa, ba ka ce masa ya yi kuskure. Babba a cikinsu duka, ba ka shiga gabansa a hanya. In a ƙasa ne kana bayansa, in a kan dabba ne kana bayansa, kuma ba wanda ya ce keke ya fita daga wannan doka. Da wannan kaya a kaina na bar Gure.

Zuwa dai daɗi. Iskar farkon damina daga kudu take busowa, mu kuwa arewa muka nufa, sai ta riƙa tura mu kamar uwa tana tura yaro lakkwal, makarantar boko. Inda ƙasa ta yi tauri keke yana tafiya da kansa, inda rairayi ya yi yawa mu sauka mu tura. Baba yana gaba, babbar riga ta cika da iska, yana buga ƙararrawa ko da ba kowa a hanya sai awaki.

"Ka ga yadda ake tafiya, yaro? Haka nake kai takarda Kelle in dawo in tarar da tuwo da zafinsa."

"Haka ne, Baba."

A cikina ina cewa, iskar nan da ke bayanmu yau, ita za mu tarar a fuska ranar dawowa, da kaya kuma. Amma wa zai faɗa? Ga shi ba gonar da za mu wuce bai tsaya ba. Ya sauka, ya jingine keke, ya gai da mai gona, ya tambayi ubansa, ya tambayi kakansa da ya mutu tun kafin a haife ni. Tafiyar yini ɗaya muka yi ta a biyu. Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne ciki. Duk gidan da muka sauka, ƙwarya ɗaya ake kawowa ta fura, a ajiye tsakaninmu, don ba su san ni suruki ne ba. Baba ya ɗaga ludayi ya ce bismillah, ni in ce alhamdu lillahi na ƙoshi, alhali hanjina yana kuka har shi ma yana ji. Ya shanye abinsa tas yana yaba nonon. Ni sai in ce zan duba tayar keke, in zagaya bayan rumbu in tura dakuwa a baki kamar ɓarawo. Wata mata a wani ƙauye ta kama ni a haka, kumatu cike, ta riƙe baki ta koma da baya. Har yau ban san abin da ta faɗa wa mutanen garinsu ba.

Amma zan faɗi gaskiya, don ba ƙarar mamaci na zo kaiwa ba. Abin da na gani a Kelle ban taɓa ganin irinsa ba. Baba ya zauna a gindin wata bishiyar bedi, ya faɗi sunan ubansa, sai wani tsoho da ba ya gani sosai ya ce a matso da shi, ya shafa fuskarsa, ya ce shi yana yaro ya ga san nan da idonsa, ja ne mai karyayyen ƙaho. Kafin azahar magana ta zaga gari. Mata suka riƙa fitowa, wata da iri a bakin zane, wata a ƙoƙo, wata ta kawo gora da aka toshe da toka tun bara ta fasa a gabanmu. Ba mai kawo da yawa, tafin hannu ne, tafin hannu biyu. Baba yana karɓa da hannu biyu, yana sa wa kowace albarka da sunanta, ba ya gaggawa. Wata tsohuwa ta zo ƙarshe da abin da bai cika ludayi ba.

"Wannan a ba wadda ba ta da miji," in ji ta. "Ni ma haka nake, na san abin."

Na juya baya na yi kamar rairayi ne ya shiga mini ido. A ranar na yafe masa furar.

Yafiyar ba ta kwana biyu ba. Abin da muka samu a Kelle da ƙauyukanta ya kusa isa, ga gajimare ya fara taruwa da yamma a gabas. Duk mai hankali gida zai juya. Na tattara ƙarfin halina na ce da ƙasa, ba da shi ba, "Ko da za a ce ruwa yana kusa."

"Ubana bai juya daga Kelle ba," in ji shi. "Gamu."

Muka tafi Gamu. Kwana biyu suka sake tafiya. An ba mu iri, ba zan hana musu ladansu ba, buhu biyu suka cika har sai da na ɗinke bakinsu da allurar da ke aljihuna. Wani mai gida kuma ya ga abin bai isa ba, ya kawo wa Baba ƙaton zakara kyauta. Kyauta ba a mayarwa. Aka ɗaure zakara a kan ƙahon kekena, kansa yana kallona. Wajen ɗaura kaya na yi dabara in ɗauki buhun da ya fi nauyi, Baba ya gani, ya sa aka sauke aka ɗaura a nasa.

"Ni nake da sadakar, ni nake da nauyin."

Muka juyo kudu, iska ta ce ga ni. Ku da kuke bin hanyar nan a mota ba ku san ta ba. Fili ne fetal, gona bayan gona, ba abin da zai tare maka sai gawo ɗaya can, adua ɗaya can. Geron mutanen arewa da ya fara tashi duk ya kwanta gefe ɗaya. Rairayi yana gudu a ƙasa yana dukan ƙafa kamar ana watsa maka tsakuwa. Ka taka da dukan ƙarfinka, keke ya matsa taku ɗaya, ka sassauta ya tsaya cik. Baba yana gaba, rigar da ta taimake shi wajen zuwa yanzu ta zama abokiyar gaba, ta kumbura tana ja da shi baya. Na ga bayansa ya jiƙe, na ga ƙafafunsa suna rawa a kan feda.

Can wajen hantsi na lura da wani abu. Ni ban gaji sosai ba. In na matso dab da bayansa, iskar ba ta samuna, shi take duka, ni ina cikin inuwarsa ina hutawa. Wato ladabin da aka koya mini, in bi bayan babba don girmama shi, shi ne ya sa tsoho ɗan sittin da wani abu yake fasa wa ƙato ɗan ashirin da bakwai iska. Na ja gefe na zo daidai da shi ta wajen da iskar ke bugowa, ko in ɗan tare masa. Ya harare ni ta gefen ido.

"Hanyar ta yi maka kaɗan ne? Koma wurinka."

Na koma wurina. Yini guda muka yi a haka, ina kallonsa yana ƙarewa, ina cizon leɓe, zakara yana tsattsagar mini hannu. Ban taɓa jin haushin mutum da tausayinsa a lokaci ɗaya kamar ranar ba.

Washegari da rana tsaka ya faɗi. Ba wani tuntuɓe, keken ne kawai ya tsaya, ya karkata, ya kwanta da shi a bakin wata gona. Na ruga na ɗaga buhun daga kan ƙafarsa. Leɓunansa sun yi fari, numfashi yana fita da ƙyar. Na ba shi ruwa daga salka, ya sha, ya ce santsi ne. Santsi, a rairayin da ko raɓa bai gani ba. Na duba gabas, hadari ya haɗu baƙi ƙirin, irin wanda ba ya fasawa. Tsakaninmu da Gure tafiyar rabin yini ce ga mai lafiya. In ruwan nan ya sauka yau, gobe da sassafe ake shuka, jibi iska ta shanye laimar, duk wahalar da muka sha ta zama abincin kaji.

Na kwance buhunsa na ɗaura a kan nawa. Na tura kekena na kai shi gaban nasa na tsayar. Sannan na durƙusa, idona a ƙasa.

"Baba, a yi mini gafara. Zan shiga gaba."

Iska tana ta kaɗa mana riguna.

"Ko ka shiga gaba," in ji shi a hankali, "ƙafafun nan sun ƙi."

"In da igiya, sai in ja."

Igiyoyinmu duk suna kan buhuna. Ya dube ni, karo na farko ido cikin ido tun da na auri ɗiyarsa. Sai ya kai hannu kansa ya fara warware rawani. Ban taɓa ganin kansa ba rawani ba, ashe duk furfura ce, da ƴar hula da ta tsufa. Ya miƙo mini bakin ɗaya.

"Ɗaura a ƙarƙashin sirdinka. Amma ka ji ni da kyau. Muddin ina numfashi, muddin uwar Falmata tana numfashi, ba mai jin an ja ni da rawanina kamar akuya. Shekara talatin garin nan ya san ni a kan keke. Ka yi mini alkawari."

"Na yi, Baba."

Da na san tsawon ran da Allah zai ba Iya Zara, da na nemi ragi.

Haka muka taho. Buhu biyu a bayana, zakara a gabana, suruki a ƙarshen rawani, iska a fuska. Inda rairayi ya yi zurfi in sauka in tura nawa, in dawo in tura nasa yana kai. Rawanin ya shiga sarƙa sau biyu, na ciro shi baƙi da mai. Cinyoyina suka yi kamar ana hura musu wuta, na ji ɗanɗanon jini a bakina. Kuna tsammanin mutumin da ake ja zai yi shiru? Da ya ɗan farfaɗo sai baki ya buɗe.

"Hagu, yaro, hagu! Ba ka ga rami ba? Kai haka ake taka keke? Wa ya koya maka?"

"Haka ne, Baba."

Allah ya sani, sau uku na yi tunanin kwance ƙullin nan.

Bayan la'asar duwatsun Gure suka bayyana. Muna isa wata adua da ke kusa da gonakin farko na gari, ya ce in tsaya. Ya kwance rawanin da kansa, ya duƙunƙune ya tura cikin riga. Ɗigon farko ya faɗo a kan buhu. Ya gwada miƙewa, ƙafa ta ƙi, ya zauna a gindin itacen.

"Tafi da irin. A raba shi kafin magariba, kowa ya kwana da nasa."

"Baba, ba zan bar ka a nan ba. Iya ta ce..."

"Yau ka fara musu da ni? Zan huta in shigo a kan kekena, da ƙafata, yadda na fita. In ka tsaya jirana dare zai yi, in ka ja ni cikin gari gara ka binne ni a nan. Tafi."

Na tsaya ina duban buhunan, ina dubansa. Na san abin da za a ce. Wallahi na sani sarai, ban shiga cikin rashin sani ba. Na tuna tsohuwar Kelle da ludayinta, na hau keke.

Na shiga unguwa cikin ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mata suka fito suna guɗa, aka kewaye ni, aka sauke buhuna a zauren masallaci. Minti biyu na yi ina gwarzo. Sai jama'a suka buɗe, Iya Zara ta fito, zanenta ya jiƙe. Wannan karon fuskata ta duba.

"Ina mai gidana?"

"Yana baya, Iya."

Guɗa ta tsaya kamar an yanke ta da wuƙa. Na juya keke zan koma, amma yayyen uwarku biyu sun riga sun ruga, ɗaya ya bangaje ni yana wucewa. Suka tarar da shi ya taso yana tura keke, jiƙe sharkaf, ba rawani, laka har gwiwa. Ya ƙi su riƙe shi. Ya shigo gari da magariba, mutane cike da ƙofar gidansa, aka tambaye shi abin da ya faru. Ina tsaye a bayan taro ina jira. Kalma ɗaya ta ishe ni, ko ya ce shi ya aiko ni.

"Yaro ya fi ni sauri," in ji shi, ya shige gida.

Shi ke nan, da wannan ya binne ni. Kafin gari ya waye labari ya gama unguwa: tela ya kwashe irin, ya bar surukinsa a daji cikin hadari, har iska ta ɗauke wa tsoho rawani, don shi ya zo ya karɓi guɗa. Washegari kowa ya fita shuka, ni ma na fita na taya gidajen ƙarshen unguwa, suna karɓar taimakona ba sa dubana. Uwarku ta naɗe kayanta ta koma gidansu, ba ta dawo ba sai bayan girbi. Iya Zara ta yi shekara uku ba ta amsa gaisuwata. Masu kawo ɗinki suka ragu, ɗinkin Sallar shekarar nan sai da na nemi na ƙauye. Geron kuwa ya yi, ya nuna kafin ruwa ya ɗauke, ba gidan da ya kwana da yunwa a unguwarmu. Matan suka ɗauko damin farko suka kai ƙofar Baba suna masa addu'a. Ko zakaran ma, shi aka yanka wa ya sha romo.

Baba ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, bai taɓa ɗaga maganar ba, ni ma haka. Sai dai duk Sallah ni yake kawo wa ɗinkinsa, ya zauna a shagona ya yi ta gyara mini yadda ake riƙe almakashi. Da zai rasu ya ce a ba ni keken. Mutane suka ce kun ga halin manya, ya yafe wa wanda ya wulaƙanta shi. Na karɓi keke, na karɓi yafiyar laifin da ban yi ba, na ce na gode. Iya Zara kuwa ta zauna daram. Ta ga jikoki, ta ga ƴaƴan jikoki, haƙoranta suka zube suka bar ta, ita ba ta tafi ba. Ban taɓa roƙa mata mutuwa ba, Allah shaida ne, amma na sha yin lissafi.

Da ta rasu aka yi sadakar bakwai, na ce yau zan wanke kaina, kuma da uwarku zan fara. Na same ta a tsakar gida da hantsi tana tsince wake. Na zauna, na gyara murya, na fara tun daga Gamu. Ban kai ga faɗuwar ba ta katse ni, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Maganar rawanin ce? Ai ni na wanke shi."

Na ce, "Wane rawani?"

Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji ta buɗe akwatin ƙarfenta, ta fito da shi a naɗe. Ta warware a kan tabarma. Ga baƙin man sarƙa wuri biyu da sabulu bai fitar ba, ga bakinsa duka biyu sun miƙe sun yi sirara inda aka ƙulla.

"Washegarin dawowarku na same shi a ƙarƙashin shimfiɗarsa. Ƙulli biyu, man keke a tsaka. Malam, ni ba yarinya ba ce."

"Kin sani? Kin sani kika tafi gidanku wata huɗu?"

"In na zauna, mutane za su ce me ya sa ɗiya ba ta yi fushi ba, su fara tono. Ubana ne."

"Shekara nawa kina ji ana kirana da sunan nan!"

"Ina ji. Duk ranar da aka kira ka da shi, ba ka lura da nama a miyarka ba?"

Ni duk shekarun nan ina tsammanin sa'a ce. Na so in yi faɗa, na shirya faɗan shekara talatin, sai na ga tana shafa baƙin man nan da yatsa, idonta ya cika. Na tashi na fita zaure don kada ta ga nawa. Da na dawo ta ce in ƙara haƙuri, yayyenta suna da rai, kada su ji kunyar bangazar da suka yi mini. Na ce to. Ashe taurin kan gado ne, ta wajenta kuka samo shi, ba ta wajena ba.

Yanzu yayyen sun tafi, ita ma bara ta bi su. Rawanin yana cikin akwatin nan nata, ƙarƙashin gadona, mabuɗin yana rataye a bayan ƙofa. Sani, kai da aka yi wa dariya saboda ni, kai za ka buɗe ka nuna wa matan gidan nan, su taɓa man da hannunsu. Ranar da tawa ta zo, ku yaga shi ku ɗaure mini likkafani da shi. In malamai suka ga baƙin suka ce ba shi da tsabta, ku ce musu an wanke shi, uwarku ce ta wanke.